Ɗan'uwana na Nono a Garin Duwatsu

Mutanen layinmu har yau suna cewa na yi sa'a, wai na je Faransa. Na je kam, babu musu. Sai dai duk ranar da wata ta ce in ba ta labarin tafiyar, nakan ce ƙasar akwai sanyi, in ja bakina in yi shiru, domin in na ci gaba raina ne zai ɓaci.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Waziriyya. Aikin hajji ne ya kawo kakannina, suka zauna ba su koma ba. Umma ta yi aiki a gidan wasu Larabawa tun kafin ta haife ni, kuma ina jaririya uwargidan ta haifi ɗa namiji, nononta ya ƙi zuwa. Umma aka miƙa wa shi. Ya sha nononta har ya yi ɓul-ɓul, kuma kowa ya san wannan ba abin wasa ba ne a addini: ya zama ɗanta, ya zama ɗan'uwana, aure ya haramta tsakaninmu, in kuma tafiya ta kama shi muharramina ne. Da 'yan watanni na girme shi, saboda haka Umma ta koya masa ya riƙa ce mini Yaya. Hausarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma wannan kalmar da wasu 'yan zage-zage ya riƙe su gam.

Ya girma ya zama ɗan kasuwa, ya yi aure, ya tare a Abhur a gida mai kallon teku. Ni kuma na zama tela, ina ɗinkin abaya a wani shago a Bagdadiyya. Ba zan rage masa haƙƙinsa ba, bai yar da mu ba. Yakan zo Waziriyya, ya bar motarsa a bakin titi don ba ta shiga lungunmu, ya sumbaci kan Umma, ya zauna a ƙasa ya ci tuwo da hannu. Maƙwabta su yi ta leƙe, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura. Duk wadda ta raina ni a unguwa, a zuciyata cewa nake ba ta san wane ne ɗan'uwana ba.

Wata shekara da zafi ya tsananta ya zo ya zauna gaban Umma ya ce, "Ya Ummi, ki ba ni Yaya. Za mu je Faransa hutu ni da iyalina. Tun da aka haife ta ba ta wuce Makka da Madina ba."

Umma ta ce, "Mace ba aure, ƙasa mai nisa haka? La, ya waladi. A'a, ɗana."

Ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Ana akhuha, ya Ummi. Ni ɗan'uwanta ne. Wa ya fi ni cancanta in kai ta?"

Umma ta dube shi ta ce, "Halas, shi ke nan. Na ba ka amanarta."

Don murna ban iya cin abinci ba ranar. Na ɗinka wa kaina sabuwar abaya mai aiki a hannu, na sayi takalmi mai ɗan tsini, irin wanda ake zuwa biki da shi. Babu wanda ya gaya mini cewa garin da za mu je da duwatsu aka shimfiɗa titunansa.

Ƙaramin gari ne, a kan tudu, kogi ya zagaye gindinsa, ga ganuwa ta dutse tun ta kaka da kakanni. Gida suka kama a wajen ganuwar. Washegarin saukarmu da hantsi muka fita a ƙafa: shi, da matarsa, da 'yarsu ƙarama, da jaririnsu a keken turawa, da ni. A bakin ƙofa matarsa ta miƙo mini jakar kayan jariri ta ce, "Riƙe mini, habibti." Na karɓa ban kawo komai a raina ba. Ɗan ɗan'uwana ne, in ban ɗaukar masa jaka ba wa zan ɗaukar wa?

Gaskiya garin ya burge ni, kuma ba zan ɓoye ba don abin da ya biyo baya. A Jidda wanda ka gani yana tafiya a ƙafa da rana tsaka, to mota ce ba shi da ita, ko kuma iƙama, takardar izinin zama. A can kuwa masu kuɗi ne suke biyan jirgi don su zo su yi yawo a ƙasa. Iska na kaɗawa, babu gumi, babu ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Muka shiga ta wata ƙofar gari mai ƙarfe a sama, haƙoransa a zube kamar zai faɗo wa mutum, matarsa tana karanta mana bayani daga wayarta, wai da can sauke shi ake yi in maƙiya sun taso. Na ɗaga kai ina kallo, tsinin takalmina ya maƙale tsakanin duwatsu, saura kaɗan in kifa. Ɗan'uwana ya tuntsire da dariya ya ce, "Yaya, ke da za ki gidan biki!" Na ce masa, "Bakinka, ya walad." Muka yi ta dariya kamar muna yara.

Lungunan ƙanana ne, gidajen sun sunkuyo wa juna, katako a jikin bango, furanni a kowace taga. Sun tuna mini tsoffin gidajen unguwar Balad ta Jidda masu tagogin katako, sai dai nan ba a bar su sun ruɓe ba. Muka iso wata babbar majami'a mai hasumiya. Na yi jinkiri a bakin ƙofa, sannan na ce kallo dai na zo yi, na shiga da bismillah. Cikinta sanyi kamar randa, gilasai masu launi suna zubo haske ja da shuɗi a ƙasa, 'yar ƙaramar tana bin launin tana takawa. Daga nan muka hau ganuwa. Matakala ce ƙunci, keken ba ya hawa, sai matarsa ta ɗauki jaririn, ni na rungumi keken da jakar. Shi yana gaba yana ɗaukar hoto. Na iso sama ina haki, amma da na ga kogin da gonaki kore shar har inda ido ya ƙare, sai na manta da ƙafata da ta fara tasowa. Na ce a raina, ina ma Umma tana nan.

Da muka sauko muka fito wani fili mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, da tsohuwar rumfar kasuwa ta katako, da kujerun shan gahawa a waje. A nan na ji an ƙwala sallama da Larabcin Jidda. Wani dattijo ne mai furfura da matarsa, suna zaune. Ɗan'uwana ya canza nan take, ya gyara wuyan riga, ya tafi da sauri hannu biyu a miƙe. Na gane mutumin babba ne a harkarsu, don ban taɓa ganin ya rusuna wa wani haka ba. Aka gaisa, aka jawo kujeru. Ina tsaye da keken ina jira a ce ga tawa.

Matar dattijon ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce wa matarsa, "Mashallah, kun samo wa taku biza? Mu tamu an hana ta, na sha wahala wallahi."

Na kalli ɗan'uwana ina murmushi, ina jira ya yi dariya ya gyara mata. Abu ne mai sauƙi, kalma biyu ce.

Ya ce, "Aywa, hadi shaggalatna. 'Yar aikinmu ce. Ita da uwarta tun zamanin mahaifiyata suke gidanmu. Amintattu ne."

Matarsa kuma, ba da mugunta ba ma, kamar mai ba da labarin farashin tumatir, ta ƙara da cewa, "Mu ma tamu ta gida an hana ta. Shi ne ya ce bari ya ɗauko wannan, ta iya yara."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Murmushin ya bushe a fuskata na rasa yadda zan sauke shi. Ban taɓa wanke ko cokali a gidansa ba. Kuma bai tsaya a kaina ba, har Umma ya haɗa, matar da yake sumbatar kanta yana ce mata Ummi. Bai kalle ni ba. Ya ce, idonsa a kan takardar abinci, "Ki kai yaran bakin kogi su sha iska, za mu same ku."

Na tura keken na gangara, 'yar ƙaramar riƙe da gefen abayata. Takalmin ya ishe ni, na cire na jefa a jakar, na taka duwatsun da safa. A bakin kogin akwai wata rumfa ta dutse mai dogon kwalbati cike da ruwa, da allo mai zanen mata a durƙushe suna dukan tufafi. Ban iya karanta rubutun ba, amma zanen ya ishe ni: wurin wankin matan garin ne a da. Baƙi suna ta ɗaukar hotonsa. Na zauna a gefen dutsen na yi kuka, irin kukan da ake yi baki a rufe don kada yarinya ta tsorata. Ta hau cinyata tana share mini fuska da tafin hannunta, tana cewa, "Amma, lesh?" wato "Gwaggo, don me?" Ita dai gwaggo take kirana, don haka aka koya mata.

A kan tsohuwar gadar garin ya same mu, shi kaɗai, matarsa ta tsaya sayen tsaraba. Ya jingina da bangon gadar ya ce, "Yaya, la tiz'ali. Kar ki yi fushi. Magana ce kawai. Mutumin nan ba zai gane ba."

Na ce, "Balaraben Jidda ne ba zai gane nono ba? Wane tsohon gida ne a garin nan namu da ba su san uwar shayarwa ba?"

Ya ce, "Ba haka ba ne. Akwai harka tsakaninmu, kuma mutane suna da surutu."

Na ce, "To gaya mini abu ɗaya. In ni shaggalarka ce, da wa na baro Jidda? Umma hannun muharramina ta sa ni. Ina yake?"

Ya ciro wayarsa ya duba, alhali ba ta yi ƙara ba. Sannan ya ce, "Yalla, mu tafi, ana jiranmu."

Sauran kwanakin na yi aikin da aka kawo ni yi. Na yi wa yaran wanka, na ba su abinci, na tura keke a lungunan da na riga na haddace, domin su ba su yi mini komai ba. Amma ban ƙara zama teburi ɗaya da shi ba, kuma bai ce in zauna ba. Wannan ya fi maganar farko ci mini rai, don na ga sauƙi ya samu.

Na yi niyyar ɓoye wa Umma. A jirgi na shirya abin da zan faɗa, ganuwa da kogi da gilasai masu launi. Amma ina shiga ɗaki ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me ya yi miki?" Sai na zauna a bakin katifarta na kwashe komai na gaya mata, har da abin da ya ce a kanta. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta kare shi kamar yadda ta saba. Sai ta kama murza bakin mayafinta.

Can ta ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Lokacin da aka ba ni shi, uwarsa ta ce nonon bai isa mutum biyu ba. Sai na cire ki. Ko zama ba ki fara ba. Na koma ba ki madarar gwangwani, cikinki ya ƙi ta, kika rame har na ɗauka ba za ki yi rai ba. Ina jin kukanki a ɗakin baya, shi yana ƙirjina."

Na ce, "Umma, don me?"

Ta ce, "Ba mu da kowa a ƙasar nan, ya binti. Na ɗauka ɗan'uwa na saya miki da rabonki."

Ta juya fuskarta bango, kafaɗunta suna rawa. Ni da na shigo da nawa kukan, ni na ƙare da rarrashinta.