Taliya a Bayan Katako

Ko da tsufa zai kwashe min komai a ka, na san akwai Asabar guda da zai bar min, ita ce ranar da na kai uwar yarinyar da nake nema wani gidan abincin 'yan Japan a garin Greensboro na Amurka. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a mota, na kusa da ni a danja yana kallona.

Lokacin ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke East Greensboro. Yarinyar nas ce, tana zaune gidan yayanta a Sedgefield. Mahaifinsu ya rasu, don haka magana duk tana hannun Hajiya, mahaifiyarta, wadda ta zo daga gida ta yi wata biyu, saura kwana huɗu ta koma. Sau uku ina zuwa gaishe ta. In durƙusa a bakin ƙofar falo, ta amsa idonta na kan talabijin, ta ce a gaida mutan gida, shi ke nan. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Yarinyar kuwa ta gaya min ƙarara, in Mama ta hau jirgi ba ta ce a turo ba, to a bar maganar, ita ba za ta tsallake uwarta ba. Wallahi a makon nan ko karatu ba ya shiga kaina.

Mutuniyar tawa ce ta kawo shawara. "Ka fitar da ita cin abinci mana, ai haka ake yi a nan. In ta ga ka sake, ita ma za ta sake." Ni kuma da rawar kai na ce an gama. Abokan karatuna sun daɗe da cika min kunne da wani ɗan shago inda wani dattijo ɗan Japan da matarsa ke dafa ramen, wato taliyarsu da ake zubawa cikin romo mai zafi. Tun ranar Alhamis na je na tabbatar akwai romon kaza zalla, tukunyarsa daban, kazar ma ta halal ce. Na ce taliya ce fa, wa bai san taliya ba? Na shirya komai har inda zan yi fakin. Abu ɗaya kawai na manta, kuma shi ne wanda kowa ya sani a garinmu: ba a cin abinci a gaban suruka.

Bayan azahar na ɗauko su, na ci farar shadda da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Muna tura ƙofar shagon sai ma'aikatan duk suka haɗa baki suka kwatsa ihu da yarensu. Hajiya ta ja baya ta damƙe hannun 'yarta. "Innalillahi! Me muka yi musu?" Aka ce ai sannu da zuwa suke yi. Ta ce, "To Allah ya kyauta, in sannu ce wannan, ina ga faɗa?"

Aka ba mu ɗan tebur, Hajiya da 'yarta gefe guda, ni ina fuskantarsu. Aka kawo kwanuka uku manya suna tururi, ga taliya, ga yankan kaza, ga lawashi, ga rabin ƙwai da ƙwanduwarsa ba ta gama dahuwa ba, ga wani baƙin ganye a tsaye kamar takarda. Ƙamshi kuwa ba a magana. Tun safe ban sa komai a cikina ba. Na kai hannu zan ɗauki cokali, na ɗaga kai, muka haɗa ido da Hajiya. A nan ne hankalina ya dawo jikina. Kai! Ni ne zan buɗe baki in tura taliya a gaban matar nan? Na janye hannu a hankali na shiga gyaran hula.

Ita ma fa ashe haka. Ta gyara mayafi, ta juyar da fuska wajen bango tana duban hoton wani dutse kamar an aiko ta saye. 'Yarta ta ci loma biyu, ta dube ni, ta dubi uwarta, ta ajiye 'yan sandunan da ake ci da su.

"Mama, please, ki ci mana."

"Ina ci."

"Kai fa?"

Na ce, "Alhamdu lillahi, sai ya ɗan huce."

Huce ina! Muna zaune taliya tana shan romo tana kumbura, cikina yana kuka har ina tari don in rufe masa asiri. Mutuniyar ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur har sau biyu. Ni dai na ga ta kaina, na san na kawo kaina inda ba fita.

Ashe dattijon mai shago yana kallonmu daga wajen tukwanensa. Ya taho yana goge hannu, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa. Ya tambaya da Turanci ko gishiri ne ya yi yawa, don shi tun jiya yake dafa romon nan, kuma taliyarsa ba ta jiran kowa, minti kaɗan ta lalace. Mutuniyar ta rufe fuska da hannu tana dariya, ta yi masa bayani cewa a wajenmu mai neman aure da uwar yarinya ba sa cin abinci suna ganin juna. Na zaci zai yi mana kallon mahaukata. Sai mutumin ya gyaɗa kai kamar abin da ya saba ji kullum, ya ce mu taso.

Can jikin kantar da yake aiki akwai kujeru a jere, tsakanin kowace kujera da 'yar'uwarta an kafa allon katako, don masu son cin abincinsu ba tare da kowa ya kalle su ba. Ya zaunar da yarinyar a farko, Hajiya a tsakiya, ni a ƙarshe. Ya kwashe kumburarriyar taliyar ya kawo sabuwa. Jama'a, daɗi ya kashe ni! Ba na ganin kowa sai kwanona. Na yi bisimilla na fara ci a hankali, shiru kamar ɓarawo a rumbu.

Sai ga dattijon ya tsaya a gabana yana girgiza kai. Ya ce ba haka ake ci ba, zuƙa ake yi da ƙarfi har a ji, in ba a ji ƙara ba mai girki zai ɗauka bai iya ba. Ya matsa gaba ya faɗa wa Hajiya haka nan, 'yarta tana fassara mata. Na ce a raina yau na shiga uku. A gidanmu in ka zuƙi miya da ƙara ludayi za ka sha a ka. Katako ya tsare ido, to kunne fa?

Ina cikin wannan tunani sai na ji wata irin zuƙa daga bayan katako, doguwa, fuuut, har da ɗan tari a ƙarshe. Na tsaya cak. Yarinyar tana can nesa, wannan kuwa a kunnena aka yi ta.

"Kai, romon nan ya yi!" in ji Hajiya.

Dariya ta taso min na danne, ta bi ta hanci. Sai na ga hannu mai lalle ya zagayo ta gefen katakon ya dire 'yar kwalbar yaji a gabana, wadda ashe a jakarta take yawo da ita.

"Kai na bayan katako, na ji ka shiru. Namijin da ba ya iya ciyar da cikinsa, yaya zai ciyar da 'yar mutane? Barbaɗa ka ci."

Ai kuwa na barbaɗa na zuƙa iya ƙarfina. Romo ya fantsamar min a gaban shadda, ban ko kula ba. Ita ta zuƙa, ni na zuƙa, dattijo yana tafa mana, mutuniyar tana can tana dariya har da hawaye.

Can sai zuƙar ta tsaya. Muryar Hajiya ta sauka ƙasa.

"Ɗan nan, tambaya ɗaya gare ni, kwana da kwanaki na kasa yi maka ita. In ka gama bokon nan, gida za ka kawo min ita, ko nan za ka riƙe ta?"

Na san amsar da take so, kuma tana kan harshena. Amma ban san me ya sa ba, da ba na ganin idonta sai ƙarya ta ƙi fitowa. Na ce, "Mama, wallahi ban sani ba. Inda aiki ya samu nan za mu zauna. Abin da na sani kawai, ba zan taɓa shiga tsakaninki da ita ba, kuma duk inda muke ɗakinki yana nan."

Na ce a raina shi ke nan, na kashe kaina da bakina.

"Da ka ce min gida za ku dawo, da na san maƙaryaci ne kai," in ji ta. "Yayanta ma haka ya ce min, yau shekararsa goma sha wani abu a nan. Ka gaya wa magabatanka su zo bayan salla."

Ban san lokacin da na miƙe zumbur ba. Kafaɗata ta doki katakon, ashe ba kafe yake da ƙusa ba, ya kife a kan kantar dattijon. Ga ni tsaye taliya na reto a bakina, ga Hajiya da cokali a hannu. Ta yi wuf ta ja mayafi ta rufe fuska. "La ila! Ku mayar da katakon nan!" Ni kuma na durƙushe a ƙasa ina ta godiya da baki cike, dattijo da matarsa suna kokawar tayar da allo, sauran masu cin abinci suna tafi ba su ma san me ake yi ba.

Har yau ban taɓa cin abinci a gaban idon Hajiya ba, kuma ba na jin zan taɓa. In ta zo mana, tana falo da kwanonta ina kicin da nawa, ƙofa a buɗe kaɗan, a haka muke hirar da ko da 'ya'yanta ba ta yi. Abin da ranar nan ta koya min shi ne, kunya ba laifi ba ce, ba kuma sai an yar da ita ake fahimtar juna ba. Amma in ka ga babba ya yi maka shiru, kada ka yi saurin cewa ƙinka yake yi. Wataƙila tambaya ce ke cinsa ya rasa inda zai tsaya ya yi maka ita. Ka nema masa wurin, in ya tambaya kuma ka faɗa masa gaskiya ko da kana jin ita ce za ta kashe ka.