Baturiyar da Take Kashe Sauti

Jiya a shagon aski a unguwar Bin Mahmud, nan Doha, na tarar da talabijin a kunne babu sauti, sai wata malamata ta faɗo mini a rai. Baturiyar Ingila ce, ta daɗe tana shugabantar sashen wasan kwaikwayo a wani gidan talabijin na ƙasarsu, kafin ta yi ritaya ta zo Doha koyar da mu shirya wasan talabijin. Duk aikin da ka kai mata, sai ta kashe sautin, ta riƙe shayinta da ya huce, ta zuba ido.

Na kai mata wasan da na shirya a kan zaman makokin mahaifina. Na cika shi da kiɗa, don kada baƙi su ce ba mu ji mutuwar ba, tunda babu mai kuka.

Ta daɗe tana kallon dattawan da ke cikin wasan a kan tabarma.

"Wane ne wancan mai juya hula a hannu?"

"Ƙanen babana ne, da kansa ya fito."

"Cire kiɗan. Mai hular nan ya gama faɗin komai."

Bara na ji rasuwarta. Ban yi kuka ba, hulata na cire na yi ta juyawa. Allah Ya ba 'ya'yanta haƙuri, Ya haɗa su da mai lura da shirunsu.