Hannuna na Dama da Bulon Kwana Ashirin da Takwas

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a wannan shafi ba. Waɗanda suka aiko saƙo ban amsa ba su gafarce ni. Ba raini ba ne, hannun rubutun ne ya ƙi.

Shekarata sittin da ɗaya. Ina koyar da ilmin kayan gini a wata kwaleji a nan Azare, kuma a wannan tsufan na ga damar komawa neman digiri na uku a fannin injiniya. Bincikena a kan bulon ƙasa ne: jar ƙasar Chinade, siminti kaɗan, da tokar buntun shinkafa.

Makona a tsare yake. Litinin da Talata ina aji, Laraba ɗakin gwaji, Alhamis in bi motar Bauchi in ga malamin da ke duba aikina, wanda na girme shi nesa ba kusa ba. Juma'a duba takardun ɗalibai, Asabar in hau acaɓa zuwa Chinade ɗebo ƙasa, Lahadi karatu da rubutu. Ban bar wa ciwo gurbi a wannan jadawali ba.

Ƙa'idar aikin ita ce, idan an buga bulo sai a lulluɓe shi da buhu ana yayyafa masa ruwa kullum, a rana ta ashirin da takwas a sa shi a injin matsa a ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fashe. Ranar ba ta matsawa. Wannan ne rukunin bulona na ƙarshe, kuma jami'a ta riga ta sanar da ni ba za a sake ƙara mini wa'adi ba.

A lokacin ne yatsun hannuna na dama suka fara mutuwa. Na ce ruwan siminti ne, don duk mai taɓa shi ya san yadda yake cin fata. Na sayi safar hannu, na ci gaba.

Malam Bukar, mai kula da ɗakin gwaji, wanda muka yi shekara goma sha tara muna aiki tare, ya ga biro ya suɓuce mini sau biyu. Ya ce, "Hajiya, ki bar ni in riƙa yayyafa ruwan nan mana. Ba zan shanye miki digirin ba."

Na ce, "Malam Bukar, ranar da ka buga naka bulon, sai ka yayyafa." Na kulle ɗakin ajiyar bulon, na jefa makullin a jaka.

Ranar Litinin, kwana na ashirin da uku da buga bulon, ina jan layi a allo sai layin ya gangara ƙasa shi kaɗai. Na juyo zan yi magana, bakin ya ƙi. A keke napep aka kai ni asibiti.

Likita ya tambaye ni yaushe rabona da awon jini. Na san nauyin kowane bulo a wancan ɗaki, amma wannan ban sani ba. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ya cinye abin da na tanada don buga kundin binciken. Likitan ya ce, "Hajiya, ba siminti ba ne. Hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Tun mako biyu hannun nan yake yi miki gargaɗi."

Ban yi kuka ba. Tsoron ma ban ji shi yadda ake faɗa ba. Ina dai kallon hannun a kan zanin gado kamar na wata baƙuwa. Awo da asuba, ƙwayoyi, masu motsa gaɓɓai da hantsi, awo da yamma. 'Yata Hadiza tana ba ni kunu a cokali tana cewa, "Umma, ko uku ki sha." Ina sha ina kallon bango.

Ranar Juma'a Malam Bukar ya zo dubiya. Ya gaishe ni, ya zauna, ya daɗe yana juya hularsa. Can ya ce, "Hajiya, gobe ne fa."

Da ƙyar na haɗa kalmomin. Na ce ai bulon nan sun bushe.

Ya ce, "Ba su bushe ba. Ta taga nake ba su ruwa da buta, kamar masu zaman kurkuku."

Shekara huɗu babu hannun da ya taɓa littafin da nake rubuta awon bulo sai nawa. Na sa Hadiza ta miƙo jaka, na lalubo makullin da hagu, na haɗa masa da littafin. Ban dube shi ba.

Asabar bayan la'asar ya dawo da littafin. Shafi guda cike da rubutunsa, manyan lambobi masu karkata. Bulon ya ɗauki nauyin da nake fata, har da ɗoriya. Ya bar gurbin sa hannu babu komai, ya ce wannan nawa ne. Na duba, ban ji farin ciki ba, ban ji komai ba. Sai bayan mako shida na iya sa hannun, shi ma kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Yanzu ina tafiya da sanda. Na koma aji rana ɗaya a mako, na miƙa kundina, ina jiran ranar kare shi. Na yi niyyar sake kwafe wancan shafi da hannuna, na fasa.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da Hadiza, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Ku masu haɗa karatu da koyarwa da bincike, ku saka awon jini a jadawalinku kamar yadda kuke saka darasi. Idan hannu ya mutu, ko baki ya karkace, kada ku tsaya nema masa dalili daga sana'arku, ku tafi asibiti a ranar.

Ni kuwa na sa an yanka wa ɗakin ajiya makulli na biyu. Yana wurin Malam Bukar.