Randunan Inna da Notin Hannun Dama

Wata rana, ana gobe kasuwa, wani direban a-kori-kura mai suna Haladu ya buga ƙirji a gaban majalisa, ya ce shi da hannunsa zai yi wa motarsa alaimen.

A ƙofar gida. Ba inji, ba bakanike.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don rabin mutanen garin suna bibiyata a nan, kuma na san bakinsu.

Ku da ba ku taɓa mallakar ko baro ba, ku matso in yi muku karatu kyauta. Alaimen shi ne a daidaita tayoyin gaba su kalli hanya ɗaya. In suka saɓa, mota ta riƙa ja gefe, taya ta riƙa cinyewa ta ɓari guda. Ni da na sallami makaranta tun kafin ta sallame ni, kun ga dai ban fito hannu rabbana ba.

To, motar Haladu ta faɗa wani rami a satin. Tun daga nan take ja hagu kamar tana da dangi a bakin titi.

Ya je wurin mai alaimen na garin, ya tarar da shago a garƙame. An yi masa rasuwa, ya tafi ƙauye.

Gobe kuma tafiyar kasuwa ba ta fasuwa.

Mahaifiyar Haladu, Inna, ginin tukwane ne sana'arta. Tun bayan girbi take gini, take gashi. Randuna, tuluna, tukwanen miya, ga su nan jere a bayan ɗakinta. Wannan ne gashin ƙarshe kafin ruwa ya sauka. In suka fashe, sai wata shekarar.

Su Haladu zai kai kasuwa gobe, ita kanta kuma a gidan gaban motar za ta zauna, kusa da ɗanta.

Haladu ya kai motar filin ƙofar gida inda ƙasa take a shafe. Ya miƙe sitiyari, ya ɗaure shi da igiya a jikin kujera don kada ya motsa. Ya ɗauko zaren magina ya ja shi ta kowane gefe, daga bayan mota har gaba. Ta nan ya ɗaura a bulo, ta can ya ɗaura a turmin matarsa.

Tef ɗin awo kuwa, a wuyan Tanimu tela ya zare shi.

Tanimu taubashinsa ne, kun san abin da hakan ke nufi. Duk abin da ya fito daga bakinsa, ba mai ɗaukar masa mataki.

"Injiniya," in ji Tanimu, "in ka gama auna ta, ka faɗa min yadi nawa za ta ci. In ɗinka mata kaftani."

"Zauna ka sha kallo, ɗan allura."

"Ai kallon na zo sha. Gobe in mota ta nufi gabas, kai ka nufi yamma, ina so in ce a gabana aka yi."

Majalisa ta kwashe da dariya.  Haladu ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya. Ya sha tsayawa a kan mai alaimen yana kallon hannunsa.

A bayan kowace tayar gaba akwai wani sandan ƙarfe mai zare-zare, direbobi suna ce masa tayarod. Shi ke haɗa taya da sitiyari. Akwai noti da ke riƙe shi. Za ka sassauta notin, ka murɗa sandan kaɗan-kaɗan, kana auna tazarar da ke tsakanin zare da bakin taya, gaba da baya, har ta daidaita. Sannan ka mayar da noti ka ɗaure tamau.

Hannun hagu ya yi shi tsaf. Ya auna, ya murɗa, ya sake aunawa, ya ɗaure.

Ya koma hannun dama. Wannan ya ba shi wuya, har gumi ya jiƙa masa riga. Can dai awo ya zauna cif.

Ya ƙwalla wa matarsa kira ta miƙo masa jan farcenta. Ya ɗiga a daidai inda sanda ya haɗu da mariƙinsa, don ya zama shaida cewa nan ne wurin.

Saura me? Saura ya ɗaure noti.

Sai ya ji muryar Tanimu daga sama: "Jama'a, a leƙa ko barci ya kwashe Injiniya."

Zuciya ta ɗebi Haladu. Ya sulalo waje da tef a hannu.

"Zo ka auna da kanka! Zo, tunda awo ne sana'arka!"

Tanimu ya tsuguna. Ya auna gaban taya, ya auna bayanta. Ya zagaya ɗaya gefen. Ya sake dawowa. Ya cire hula ya sosa kai.

"Wallahi ya yi," in ji shi. "Abin haushi, ya yi."

Wuri ya kaure da tafi. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Wani ya miƙo wa Haladu kofin shayi. Wani ya ce in mai alaimen ya dawo sai ya nemi wata sana'ar.

Haladu ya hau kan turmi ya zauna yana bayani, kamar shi ya ƙera motar. Har aka kira magariba yana bayani.

Ya naɗe zare. Ya mayar da turmi. Ya jefa sifana bayan kujera.

Noti yana can yana jira.

Washegari da sassafe aka fara lodi.

Inna tana da wata al'ada da ke cinye wa Haladu rai. Ba randar da za ta hau mota sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kara kunne. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai zaƙi. Mai tsaga sai ta yi wani dum, ko da ido bai ga komai ba.

Bayan nan a cusa ciyawa tsakanin randa da randa, a ja igiya a ɗaure.

Haladu ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa. Direba take ce masa.

"Direba, an ce jiya kai ka gyara motar."

"Ni ne, Inna. Yau za ki ji kamar a kan katifa kike."

"Allah Ya sa."

Suka kama hanya.

A kan kwalta mota ta miƙe sambal. Haladu ya ji wani daɗi ya ratsa shi har ƙafa. Ya so ya saki sitiyari ya nuna mata, ya tuna wace ce a gefensa, ya fasa.

Daga nan suka sauka burji, hanyar da ke kaiwa kasuwa. Rami, tsakuwa, kwari, tudu. Mota tana girgiza, randuna suna gunaguni a baya.

Can sai ya ga sitiyari ya ɗan karkace, alhali mota a miƙe take tafiya.

Ya ce wa kansa lodi ne ya yi nauyi ta gefe ɗaya.

An ƙara tafiya, ya ji gaban motar yana wani lilo, kamar tana shawara da kanta kafin ta bi umarninsa.

Ya ce wa kansa hanya ce ba ta da kyau. Ai jiya kowa ya gani, an auna, an tafa.

Akwai wata tsamiya a kan tudu, daf da inda hanya ke gangarawa zuwa wata siririyar gada. Daga gadar sai kasuwa.

"Tsaya a tsamiyar nan," in ji Inna.

"Inna, rana ta ɗaga fa. Za a kame wurare masu kyau. Ga kasuwar can ana hango rumfuna."

"Na gan su. Tsaya."

Ya taka birki yana haɗiye magana.

Inna ta sauko a hankali. Ta zagaya bayan mota. Ta tura hannu tsakanin randuna tana mayar da ciyawar da ta zame. Ta kama igiya ɗaya bayan ɗaya, tana ja, tana ƙara ƙulli. Kullum haka take yi a wannan wurin, da kowane direba.

Haladu ya jingina da ƙofa yana kaɗa makulli.

"Inna, ni fa na ɗaure igiyoyin nan da hannuna ɗazu."

"Ɗazu ka ɗaure. Hanya kuma ta yi nata aikin." Ta ja wata igiyar, ta nuna masa yadda ta saki. "Ni na sake duba nawa. Kai ka duba naka?"

Ya buɗe baki zai ce ai nasa an gama tun jiya.



Sai ya tuna sifana a kan notin hannun hagu. Ya tuna yadda ya danna da ƙarfi har ƙashin kafaɗarsa ya yi ƙara.

Ya nemi irin wannan a hannun dama. Ya nema, ya nema.

Abin da ya tuno kawai shi ne tafi da kofin shayi.

Bai tsaya neman buhu ba. Da fararen kayansa na kasuwa ya kwanta a ƙasa ya shige.

Noti ya gudu can baya, yana rawa shi kaɗai. Jan farcen da ya ɗiga wuri ɗaya ya rabu biyu, ja a nan, ja a can, tsakaninsu zaren ƙarfe yana ƙyalli. Girgizar hanya ta yi ta warware sandan a hankali.

Ya kai hannu ya taɓa. Sandan ya yi lakwaf-lakwaf. Abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba.

In ya fice, tayar dama ta daina jin maganar sitiyari. Ta tafi inda ta ga dama.

Daga inda yake kwance, ta tsakanin tayoyi, yana hango gangaren. Yana hango gadar da ba ta da ƙarfen gefe. Yana hango ƙafafun Inna cikin silifas, tana tsaye tana gyara ciyawa.

 Ya rufe ido, bakinsa yana motsi, ba abin da ke fita sai Alhamdu lillahi.

"Direba, kwana za ka yi a nan?"

"A'a, Inna. Miƙo min sifana, tana bayan kujera."

Ta miƙo. 

Ya murɗa sandan ya mayar, a hankali, har ja ya haɗu da ja. Ya jawo noti ya ɗaure. Ya ƙara ɗaurewa. Ya sa ƙafa ya tokare taya ya ƙara. Ya mirgina zuwa notin hannun hagu, wanda ya tabbata ya ɗaure, shi ma ya sa masa sifana.

Ya fito ja-wur da ƙasa tun daga hula har takalmi.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Ta dubi gangaren. Ta sake dubansa.

Uwa ce. Ta karanta komai a fuskarsa.

Ta kwance bakin zaninta, ta ɓallo goro, ta miƙa masa rabi.

"Ci. Sai mu tafi."

Da giya ɗaya ya sauka gangaren nan. Wani mai keke ya wuce su yana waige. Haladu bai ko kalle shi ba.

Sai da tayoyin baya suka bar gada sannan ya sa giya ta biyu.

A kasuwa aka sauke kaya. Inna ta bi randunanta ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa.

Kowace ta amsa da zaƙi. Ko tulu ɗaya bai tsage ba.

Haladu yana tsaye yana saurare. Ya ce tunda yake bai taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba.

Da yamma ya dawo majalisa. Tanimu ya hango kayansa tun daga nesa.

"Injiniya! Kokawa kuka yi da motar? Wa ya kayar da wani?"

"Ita ta kayar."

"To alaimen fa?"

"Alaimen lafiya lau. Injiniyan ne da saura."

Ranar da mai shagon ya dawo daga ta'aziyya, motar Haladu ya tarar a bakin ƙofa. Ya ɗora ta a kan inji, ya duba, ya ce awon ba laifi. Haladu ya ce ya ji, amma a bi masa kowane noti da sifana, yana tsaye yana gani.

Yadda aka yi na san duk wannan? Shi ya ba ni labari da bakinsa, bayan na yi masa alkawarin ba wanda zai ji. Kun ga kuwa ba wanda ya ji, karantawa kuka yi.

Bayan damina, da aka sake lodin randuna, suna isowa tsamiyar nan Haladu ya taka birki.

"Ban ce ka tsaya ba," in ji Inna.

"Na sani, Inna."

Ya ɗauki sifana da buhu ya sauka. Ita ma ta sauka ta nufi igiyoyinta.

Darasi: Kada ka fito karɓar tafi alhali sifana ba ta gama aikinta ba. Masu tafa maka a ƙofar gida ba su za su sauka gangare da kai ba. In kuma wani babba ya ce ka tsaya ka sake dubawa, tsaya, ko da kana hango rumfunan kasuwa.

Tura wa direban gidanku, da duk wani injiniyan ƙofar gida da ka sani. In kuma kai ne injiniyan, ajiye wayar nan tukuna, je ka leƙa hannun dama, sannan ka dawo ka yaɗa.