Bindiga a Tabarmar Makoki

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Talata, mu uku ne a tsakar gidana da ke unguwar Lazaret: ni, da mai ɗakina tana tsintar shinkafa, da ƙanena direban kamiyo, babbar motar kaya, wanda ya sauka gidana daga tafiya kamar yadda ya saba, ko wanka bai yi ba. Na idar da la'asar ke nan, ina neman hulata in koma gidan makoki. Ƙanena ya shiga mangaza, ɗan ɗakin da muke ajiye hatsi da tarkace, ya fito da sauri ya tsaya a kaina.

"Yaya, ina babbar tabarmar da ke bisa buhuna?"

Mai ɗakina ce ta amsa masa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Tana gidan rasuwa tun da safe. Ko amarya ka naɗe a ciki?"

Wasa ne irin nasu na matar wa da ƙanen miji, kullum suna yi. Ranar bai rama ba. Ya durƙusa, ya rage murya.

"Bindiga ce a ciki, Yaya. Da harsashi."

Sai na koma baya kaɗan, don a san yadda aka yi ta shigo gidana.

Ni tela ne, mutumin Damagaram, a Yamai na yi ƙuruciyata ta sana'a har na yi furfura. A shekarar da aka rufe iyakoki, wutar lantarki ta koma sai ta ga dama take zuwa, masu farmasi suka fara cewa babu magani, kowace safiya kuma telefon da labarin da zai kawo: yau za a kawo hari, gobe jirage na zuwa. Wasu sun kwashe iyali sun kai ƙauye. Ni ban tafi ba, amma ban zauna haka nan ba. Na fara da ruwa, na cika kowane bido, wato jarka, da ke gidan, na sa ana sauya shi. Daga ruwa sai gero da shinkafa. Daga nan maganin hawan jinin mai ɗakina, sai fitila mai cin rana, sai gawayi ko da gas zai yanke. Na tara yara na nuna musu ɗakin da za a shiga in an ji harbi, da gidan da za a haɗu in an rabu. Wasu maƙwabta sun yi mini dariya, ban kula ba.

Ƙanena nasa tsoron daban ne, domin shi ya gani da idonsa. An tare su a hanya, mutane ne bisa babura. Aka kwantar da su rub da ciki a kan kwalta mai zafi, aka ƙone motar da ke gabansa, direbanta kuma abokinsa ne, har yau babu labarinsa. Tun daga nan ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya zabura. Wata rana ya same ni a shago ya ce zai sayi bindiga ya ajiye a gida, tunda a mota ana bincike a kowane shinge.

"Ruwa da gero ba sa tare mutum a bakin ƙofa, Yaya."

Na ce masa ban ƙaryata tsoronsa ba. Amma sai ya fara kawo takardar hukuma, sannan akwatin ƙarfe mai kwaɗo, sannan wanda ya san aikinta ya koya masa. In ɗaya ya rasa, ba za ta kwana gidana ba. Ya ce, "To, Yaya." Ashe ya riga ya saya. Gajeriya ce, ƙirar maƙera, mai cin harsashi ɗaya, tsawonta bai wuce kamu ba. Ya naɗe ta cikin babbar tabarmar roba da ba mu cika shimfiɗawa ba, ya toshe bakin biyu da tsumma, ya ɗaure da igiya, ya mayar bisa buhuna. A tunaninsa ba mai taɓa ta sai da salla.

Abin da ya manta shi ne tabarma a unguwarmu ba ta mai gida ɗaya ba ce. In an yi rasuwa, ba a tsayawa neman izini. Mata ke bi gida gida da mai amalanke, kowa ya miƙa abin da yake da shi, ba a kuma mayarwa sai an yi sadakar uku. Wanda ya je karɓar tasa kafin nan, an daɗe ana faɗinsa. Da asubar ranar maƙwabcinmu ya rasu, wani tsoho Bazabarme da ya yi aikin jirgin ruwa a Gaweye kafin ya dawo kusa da mu. Muna maƙabartar Yantala aka zo kwasar tabarmi. Mai ɗakina ta nuna wa mai amalanke mangaza, ya ɗauka ya ɗora. Abin da ya kamata ta yi, shi ta yi.

Ban yi masa faɗa a lokacin ba, faɗa yana iya jira. Na yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ɗana ta?"

"Ban ɗana ba."

"In ta faɗi ƙasa fa?"

Ya ce, "Wanda ya sayar mini ya ce kada in bari ta faɗi."

"Bakinta wane gefe yake?"

"Wajen da tabarmar ke da jan zare."

Na sa hulata, muka fita ni da shi. Bayan la'asar ne mutane suka fi zuwa gaisuwa, wanda ya tashi daga aiki da wanda ya rufe shago, kuma duk tabarmar da ba a warware da safe ba, lokacin ake warware ta. Na hana shi gudu. Muka isa rumfar maza, muka zauna, muka ɗaga hannu aka yi addu'a, idona yana bin shimfiɗu. Na duba wadda liman ke kai, na duba waɗanda aka jingine a jikin bango. Tamu ba ta nan. Na tambayi wani dattijo a hankali ko akwai sauran tabarmi. Ya ce an shiga da su cikin gida wurin mata.

Cikin gida kuwa namiji baƙo ba ya shiga. Matar mamaci tana takaba, 'yan'uwanta mata sun cika tsakar gidan, ga jikoki. Ƙanena ya yunƙura zai miƙe, na riƙe rigarsa.

"Bari in shiga in ce kowa ya fita, Yaya."

"Ka ce me? Ka ce bindiga?"

A kwanakin nan ko taya ce ta fashe sai kasuwa ta watse. Kalmar nan in ta faɗa tsakiyar mata a gida mai ƙofa ɗaya, za a tattake yara kafin a san abin da ake gudu, kuma cikin turereniyar wani zai yi ƙafa da tabarmar. Na ce masa ya zauna inda yake, kada ya motsa sai na kira shi.

Na tashi na nufi gida in yi shawara da mai ɗakina, sai na gamu da ita a lungu, ta yafa mayafi, ta rungumo kafet ɗin ɗakinmu, wanda ta zo da shi daga aikin hajji. Ashe ta ji duk maganarmu, ta riga ni tunani.

"Tana wurin mata, ko Malam?"

"Tana can. Hajiya, ba dole a kanki. In kin ce a'a, zan kira babban ɗan mamacin in gaya masa, ko me zai biyo baya."

"Kafin ka gama yi masa bayani an warware ta. Ni na bayar, ni zan ɗauko. Gaya mini yadda ake riƙe ta."

Na gaya mata. Gefen jan zare ya kalli sama, nesa da fuskarta. Hannu ɗaya a ƙasa ya tare gindin, ɗaya ya rungume tsakiya. Kada ta ba kowa ya taya ta, kada ta yi sauri. Na sa ta maimaita, ta maimaita. Ta shiga, na tsaya a bakin zaure kamar mai jiran saƙo.

Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji. Ta tarar da tabarmar a naɗe a gindin bango, yayar mamacin, tsohuwa mai kumburin ƙafa, ta ɗora ƙafafunta biyu a kai. Mata daga Gaweye sun shigo ke nan suna neman wurin zama, wata har ta ce a warware waccan. Mai ɗakina ta durƙusa gaban tsohuwar ta yi mata ta'aziyya da Zabarmanci, fonda tilas, kamar yadda suke yi, sannan ta shimfiɗa kafet ɗin.

"Inna, dawo nan, ya fi laushi. Wannan robar tana cin ƙafa."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Bahausa, tun ba a yi uku ba kin zo kwashe kayanki?"

Mata suka juyo. Mai ɗakina, wadda ko tsinke ba ta bari ya kwana a tsakar gidanta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, rufa mini asiri. Ɓeraye sun yi fitsari a cikinta, sai yanzu na tuna. Ba na son a buɗe ta gaban baƙi."

Wata ta toshe hanci, wata ta yi ƙaramar dariya. Tsohuwar ta janye ƙafafunta ta ce, "Ɗauki abarki, ki koyi shanya kaya."

Na ga fitowarta daga cikin zaure, tabarmar a tsaye a ƙirjinta, tana taka ƙasa kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Wata yarinya ta gifta ta gabanta a guje, mai ɗakina ta tsaya cik har yarinyar ta wuce. Da ta iso na sa hannuna ƙarƙashin nata, na ji nauyin ƙarfen, sannan na ce ta saki. Daga rumfa wani maƙwabci ya ce, yadda kowa zai ji, "Tela, ko awon tabarmar za a yi?" Na ce masa Allah ya ba mu haƙuri, na wuce. Na yafito ƙanena da kai.

A bayan gidana akwai tulin yashin da na saya don gyaran katanga. Can na sa ya kwance igiyar, bakin na kallon yashi, ya karya bindigar ya zare harsashin. Na karɓi harsashin na sa aljihu, ita kuma na kulle ta a akwatin keken ɗinkina, na rataya mabuɗin a wuya. Da muka dawo tsakar gida, mai ɗakina na zaune a ƙasa kusa da farantin shinkafa. Ta dubi ƙanena ta ce, "Sannu, sojan tabarma." Daga nan ba ta ƙara ce masa komai ba har ya bar gidan.

Washegari na ce wa ƙanena za mu wurin mai unguwa, shi ya raka mu inda ake miƙa irin wannan. Ya ce za a tsare shi. Na ce in an tsare shi, a bakin ƙofar zan zauna har a sake shi, amma zuwa sai mun je. Muka je. An yi masa tambayoyi tun hantsi har rana ta karkata, aka karɓi bindigar, aka sallame mu. Ya daɗe bai ci tuwon gidana ba. Yanzu yana bin ayarin motocin da soja ke rakawa, tsoronsa kuma yana nan. Ni ma ba ni da amsar da zan ba shi game da mutanen babura, ban kuma taɓa ce masa ina da ita ba.

Maganar ɓeraye ta zaga unguwa, mai ɗakina ta haɗiye. Ni ban yarda ta ci gaba da ɗaukar kunyar da ba tata ba. Bayan sadakar arba'in na sami babban ɗan mamacin shi kaɗai na gaya masa gaskiya tun daga farko. Ya ce, "'Ya'yana a jikin bangon nan suka wuni." Bai gaishe ni da kyau ba sai da aka ɗauki lokaci, kuma ban ga laifinsa ba.

Kai mai karatu, na san zamanin da muke ciki, ba zan ce maka kada ka ji tsoro ba. Roƙona ɗaya ne. In akwai makami a gidanka, naka ne ko na wani da ka ba masauki, tashi yau kafin ka ci abinci ka raba shi da harsashinsa, ka sa masa kwaɗo, sannan ka kira matar gidan ka nuna mata wurin da idonta.