Kawu Idi da Dokin Ƙofarmu

Duk wanda ya san Kawu Idi a Karaye ya san katakonsa. Tsohon ƙyauren shago ne da yake ɗaurewa da roba a bayan kekensa na guragu, tun daga nesa za ka ji yana dukan ƙarfe, ƙwas-ƙwas. Idan ya zo ƙofa mai tudu sai ya kwance shi, ya shimfiɗa, ya tuƙa ya haye. Idan katakon bai kai ba, sai ya gyara hula ya ce, "Inda kekena bai shiga ba, ba a gayyace ni ba."

Yayan Innata ne. Cutar shan inna ce ta taɓa ƙafafunsa tun yana yaro. Ya iya rarrafe, amma ba ya yi a gaban mutane, kuma bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Duk wanda ya miƙo hannu, amsa ɗaya yake samu: shi ba buhun gyaɗa ba ne.

Gyaran rediyo yake yi, ranar kasuwa kuma har Rogo yake zuwa. Bas ba ta yi masa, sai a-kori-kura. Direba zai ja mota da baya zuwa bakin wani tudu, Kawu ya shimfiɗa katako ya shige da kekensa. Wata rana da na bi shi, direban ya leƙo ya tsokane shi, wai ga wanda ba buhu ba zaune a tsakiyar buhuna. Kawu bai ko juyo ba.

"Su loda su aka yi. Ni hawa na yi."

A Rogon ne zazzaɓi ya taɓa kama shi, ya je ɗakin shan magani ya tarar matattakala ta fi ƙarfin katako. Malamin asibiti ya aiko a shigo da shi. Kawu ya aika masa cewa mara lafiya yana gindin dalbejiya, ai mai lafiya ne ya kamata ya yi tattaki. Haka malamin ya fito da allurarsa yana ƙunƙuni, wasu dattawa suka kare Kawu da babbar riga. Da aka gama, Kawu ya yaba masa sauƙin hannu, ya ce gobe ma a nan za su haɗu.

Amma rigimarsa mafi tsawo da Babana ya yi ta. Wata damina ruwa ya shigo mana ta zaure ya lalata hatsi, Baba ya sa aka ɗaga dokin ƙofa da siminti, ya kusa kai gwiwata. Ranar Juma'a Kawu ya zo cin tuwon rana kamar yadda ya saba. Ya ɗora katako, ya dubi yadda ya miƙe kamar tsani, ya mayar ya ɗaure. Baba ya ce haba Yaya, ga samari nan, ɗagawa ɗaya ce. Kawu ya faɗi maganarsa da kuka sani.

Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba Baba haushi ke nan. Kowace Juma'a zai zo ya tsaya a ƙofar gida, a fito masa da tuwo, ya ci a kan keke. Hira da Inna kuwa ta kan katanga suke yi, shi yana ɗaga murya daga waje, ita tana amsawa daga tsakar gida, har maƙwabta suka san ciwon bayanta da labarin duk danginmu. Ni ba mai magana ba ce, kallo ne nawa. Na lura Inna ba ta daina shimfiɗa masa tabarmarsa a gindin lemo ba, sai la'asar ta naɗe ta ba wanda ya zauna. Baba ya ce shi da hatsinsa yake, Kawu ya ce shi da kekensa. Har aka yi girbi ba wanda ya sauko.

Wata Juma'a wata baƙuwar Bafillatana mai tallar nono ta gan shi a ƙofarmu da kwano a cinya. Ta sauke ƙwarya, ta ajiye masa curin fura, ta ce sadaka. Na san Kawu ya tsani a ɗauke shi mabaraci fiye da komai. Sai na ga idonsa ya kai kan lungu, inda Baba ya ɓullo tare da abokansa daga masallaci. Kawu ya karɓi furar da hannu biyu, ya ɗaga murya.

"Allah ya saka da alheri, baiwar Allah. Mai gidan nan ma ƙanwata yake aure."

Baba bai ci tuwo ba ranar. Washegari jaki ya kawo marmara, Baba da kansa ya tuɓe riga ya yi gangara, waje da ciki, ya shafe da siminti.

Da Juma'a ta zagayo Kawu ya daɗe yana duban gangarar, ya ce ta ɗan karkace. Sannan ya haye. Abin da bai sani ba, gangarar ciki ta fi ta waje santsi. Keke ya kwashe shi ya ratsa zaure a guje, kaji suka watse, bai tsaya ba sai da ya fasa randar Inna. Yana zaune jiƙe sharkaf, hula a karkace, ya dubi Inna.

"Hajara, ashe an gayyace ni."

Inna ta yi dariya har ta koma share ido da gefen mayafi. Ba ta taɓa tada zancen randar ba.

A gidanmu ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Ranar da za a fita da shi ina laɓe a bayan ƙyauren zaure. Baba ya kama gaban makara, ya sunkuya, na ji ya ce a hankali, "Yaya, ka yi haƙuri. Yau sai mun ɗauke ka." Ta kan gangarar suka sauka da shi.

Katakon yana nan jingine a zaure, da sawun tayoyi uku a jikinsa. Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya yalwata masa makwanci. Ya buɗe masa ƙofar Aljanna, ya shiga da ƙafafunsa.