Dillali Mai Farin Takalmi

A kasuwar dutsen kobalt, ma'adinin da ake yin batiri da shi, a garin Kolwezi, Mujinga na tsaye kan buhun dutsen da ta haƙo, abincin 'ya'yanta ke nan, tana hararar wani dillali mai farin takalmi. Ga tumbi, ga hankici a hanci, wai mahaƙa na wari. Da ganin tafin hannunsa, bai taɓa leƙa rami ba.

Yana tona buhun da ɗan yatsa, sai ya zaɓo dutse mafi muni ya ɗora wa na'urar gwaji.

"Mama, wannan ai tsakuwa ce."

"Tsakuwar ce a batirin motarka, ranka ya daɗe!"

Ko kallo ba ta ishe shi ba. Motarsa mai lantarki ta sulale shiru, ba hayaƙi, ba tari. Tarin yana nan a ƙirjin Mujinga, na ƙurar rami.